Motar Baffan Matarka Ce, Amma Ka Leƙa Ƙarƙashinta Kafin Ka Biya

Assalamu alaikum Kawu. Ni malamin makarantar sakandare ne a nan Sakkwato, ina zaune a Mabera da matata da 'ya'ya 5. Shekara 4 ina tari, da adashe da kiwon raguna, har na haɗa naira miliyan 3. Baffan matata yana da Peugeot 406 wagon mai giyar otomatik, ya ajiye ta kusan shekara guda tun da ya sayi wata. Ya ce in ba shi miliyan 3 yanzu, rabin miliyan kuma in biya a hankali. Ranar da na je gani na tarar an wanke ta, an riga an tayar da ita. Da aka sake murɗa makulli fanka ta kama nan take, a but na ga jarkar ruwa, da muka zaga unguwa kuma ta yi wani bugu sau ɗaya wajen canja giya. Ina jin nauyin kai bakanike kada ya ce na ɗauke shi macuci, shi ne waliyyin matata. Wani dillali kuma ya nuna mini Camry Big Daddy 'yar Kwatano da araha, ya ce takardar kwastam ana kan yi. Kawu, ina mafita?

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah, ɗana. Allah ya sa wa wannan kuɗi albarka. Na san abin da ake nufi idan malamin makaranta ya ce ya tara miliyan 3: ragunan da aka yi wa dusa da harawa wata da watanni, da zubin adashen da aka yi ranar da gida ke neman kuɗin cefane. Kuɗi irin wannan ba a cinikin biri a sama da shi, ko da bishiyar a gidan surukai take.

Camry ɗin nan ka bar wa dillali abarsa. Ba don motar ba ta da kyau ba, Big Daddy mota ce mai haƙuri, injinta na 2.4 da sarƙa yake aiki, kayan gyaranta ko'ina akwai. Matsalar takarda ce. Tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma duk motar da ta shigo ba a biya mata kuɗin fito ba, kwastam suna da ikon kama ta a duk inda suka tare ta, ko a hanyar Gusau ne ko ta Jega, da iyalinka a ciki. Takardar kwastam ta gaskiya tana ɗauke da lambar casis ɗin motar, ana iya kai ta ofishinsu a tantance. “Ana kan yi” ba takarda ba ce, kuma arahar da ka gani daga nan ta fito.

Yanzu ga maganar Baffa, wadda ita ce ta hana ka barci.

Ban ɗauka yana son cutar ka ba. Mutumin da ya aurar maka da 'ya, ya kuma ce ka biya ragowar kuɗi a hankali, taimako yake nufi. Sai dai mai mota sau da yawa bai san cikin motarsa ba. Yaro ne ke kai ta gareji, bakanike ya ce an gyara, a biya, a dawo. Ga shi kuma ta shekara a ajiye, mota kuwa zama yana cin ta fiye da tafiya: robobi su bushe, fetur ya daskare ya toshe nozul, taya ta tsage, ɓera ya shiga ya ci wayoyi. Ƙila Baffa da kansa yana yi maka bayanin motar da ya sani bara ne, ba wadda ke tsaye a ƙofar gidansa yau ba.

Ka yi tunanin abin da zai faru idan ka saya ido rufe, bayan wata biyu injin ya tsaya. A fiƙihu, wanda ya sayi kaya ya gano aibin da ya riga ciniki yana da damar mayarwa. To ka tambayi kanka, za ka iya jawo wannan mota da igiya ka kai ta ƙofar gidan waliyyin matarka ka ce a ba ka kuɗinka? Ba za ka iya ba. Shiru za ka yi, abin ya riƙa cin ka, kana biyan rabin miliyan a kan motar da ke gareji, matarka tana ganin fuskarka tana jin kunyar ɓangare biyu. Gaisuwar da kake zuwa duk Juma'a ta koma ta Sallah zuwa Sallah. Nauyin da kake ji na awa biyu ne, wancan kuwa na shekaru ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

A cikin abubuwa ukun da ka lissafa, jarkar ruwan nan ce ta fi tsaya mini a rai, don na taɓa ganin irinta. A shekarun 1990 na sayi 505 wagon a hannun wani aminin yayana, ni ma nauyi ya hana ni kai bakanike. Akwai galan na ruwa a bayanta, aka ce mini na alwala ne. Cikin watan Afrilu muka kama hanyar Jega biki. Muna wuce Tambuwal kaɗan allurar zafi ta fara hawa, kafin in sami wurin tsayawa tururi ya rufe gilashin gaba. Na kwashe yara na zaunar da su ƙarƙashin wata aduwa wadda inuwarta ba ta kai tabarma ba, uwarsu tana yi wa jaririya fifita da gefen mayafi, leɓen yarinyar ya bushe ya yi fari. Wasu bayin Allah daga ƙauyen kusa suka kawo mana ruwa a tulu. Gaskit ne ya ƙone, wato shimfiɗar kan inji da ke hana ruwa shiga cikinsa, kuma da aka buɗe injin bakanike ya nuna mini alamar cewa ba ranar ya fara ba. Har yau idan na tuna fuskar yarinyar nan sai gabana ya faɗi.

Garinmu ba ya yafe wa motar da ke shan ruwa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, motar da za ta lallaɓa ta yi shekara a Jos da ɗan yoyon lagireto, a nan mako biyu ya ishe ta. Mota lafiyayya ba a ƙara mata ruwa kullum. Idan ana ƙarawa, to ruwan yana da inda yake zuwa: ko lagireto ya huje, ko tiyo ya tsage, ko famfon ruwa yana yoyo, waɗannan duk gyara ne mai sauƙi. Ko kuma gaskit ɗin kan inji ya ƙone ruwa yana shiga ciki, wannan kuwa sai an buɗe inji, wani lokaci har kan injin ya lanƙwashe sai an kai shi wurin masu gogewa ko a sayi wani.

Ga yadda ake rarrabewa, kuma shi ya sa nake son ku je da sassafe, bayan asuba, ka roƙa kada kowa ya tayar da ita kafin ku zo. Ka ɗora tafin hannunka a kan injin da kanka, ka ji shi da sanyi. Inji mai ɗumi yana ɓoye abubuwa da yawa, wahalar tashi, ƙwanƙwasar farko, hayaƙin farko. Kafin a murɗa makulli ku buɗe murfin baƙin mai ku duba bayansa. Idan kun ga wani abu mai kauri ruwan ƙasa-ƙasa kamar an dama kunun gyaɗa, ruwa ya haɗu da mai. Ku zaro sandar awon mai ku duba launinsa da kaurinsa, don akwai masu zuba mai mai kauri sosai domin ya danne ƙarar tsohon inji. Ku buɗe wurin zuba ruwa tun yana da sanyi, ku ga ko akwai maiƙo ko tsatsa, a tayar da mota murfin yana buɗe na ɗan lokaci. Idan kumfa tana ta tasowa ba ta yankewa, iskar inji ce ke shiga ruwa, gaskit ya tafi. Da zarar inji ya yi zafi kada wanda ya taɓa wannan murfi, na ga wanda ruwan ya sale wa hannu har gwiwa.

Kai kuma ka koma bayan mota ka tsaya kusa da salansa lokacin tayarwa. Ɗan farin tururi da safe wanda ke ɓacewa cikin minti kaɗan ba komai ba ne. Farin hayaƙi mai kauri da ya ƙi ƙarewa ruwa ne ke ƙonewa. Shuɗi baƙin mai ne, alamar ringi ko robobin bawul sun gaji. Baƙi kuwa fetur take sha fiye da ƙima, kuma ka san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a ƙarshen Mayun 2023.

Fankar da ta kama da murɗa makulli tana da fassara fiye da ɗaya. Idan esi a kunne yake, aikinta ne. Idan a kashe yake, ko dai na'urar da ke auna zafin ruwa ta lalace, ko kuma wani bakanike ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye. Kanikawanmu da yawa suna yin haka, suna cewa tamostat na ƙasashen sanyi ne. Ni ban yarda ba. Injin 406 an yi shi ne ya zauna a wajen digiri 90, idan aka hana shi kaiwa sai ya riƙa shan mai yana cin kansa a hankali. Abin da ya fi damuna shi ne, sau da yawa ba a yin wannan haɗi sai bayan mota ta taɓa yin zafi. Ka haɗa shi da jarkar but, ka ga dalilin da ya sa nake son a tambaya a fili: motar nan ta taɓa tafasa? An taɓa buɗe kan injin? Yaushe?

Sai bugun giya. An ƙera 406 a Faransa daga 1995 zuwa 2004, an kuma haɗa ta a kamfanin PAN na Kaduna, mota ce mai daɗin zama a doguwar hanya, wagon ɗinta tana ɗaukar iyali da buhunan gero ba ta koka. Mai giyar hannu ba ta cika ba da wahala ba. Otomatik ɗin ce ke son kulawa. Yawancin masu injin 2.0 na baya-baya suna ɗauke da giyar da ake kira AL4, wadda aka san ta da wani hali: tana tafiya lafiya da sanyi, idan ta yi zafi sai ta buga da ƙarfi ta maƙale a giya ta 3, wasu fitilu su fara ƙiftawa a gaban direba. Ka kashe ka kunna ta dawo daidai, har sai wani lokaci. Wani sa'in ƙananan bawul ɗin lantarki ne na cikin giyar suka gaji, a canja su a zuba man da ya dace ta warke. Wani sa'in kuma an daɗe ana zuba mata man da ba nata ba, cikinta ya riga ya ci. Zagayen unguwa na minti biyar ba zai nuna maka ko wanne ba ne.

Don haka gwajin hanya sai da rana tsaka, kada ya gaza minti 40, esi a kunne, mutum huɗu ko biyar a ciki kamar yadda za ka riƙa ɗaukar iyalinka. Ku fara shiga cunkoson wajen babbar kasuwa inda ake tafiya ana tsayawa, idonka yana kan allurar zafi. Daga nan ku miƙe hanyar Bodinga ku sake mata, ku ji yadda take bin giya ɗaya bayan ɗaya, ku taka birki da ƙarfi a wurin da babu kowa ku ga ko tana ja gefe ko sitiyari yana rawa. A rufe rediyo. A fili ku murɗa sitiyari har ƙarshe ku zaga a hankali, idan kun ji ƙas-ƙas-ƙas, shaf ne. Da kun dawo ku bar ta tsaye tana aiki minti goma, sannan ku gusar da ita ku duba ƙasan da ta tsaya.

Wani abu ƙarami da mutane ke mantawa: idan aka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilun gargaɗi duk su kama, na inji da na mai da na birki, sannan su mutu bayan tashi. Fitilar da ba ta kama ba sam, wataƙila cire ƙwan aka yi. Ka biya mai na'urar gwaji ya jona wa kwamfutar motar, kuɗin kaɗan ne. Ku gwada kowane gilashi, kowace fitila, makullin ƙofofi, domin 406 ta bayan 1999 wayoyinta suna bi ta wani akwatin lantarki guda, idan riwaya marar sani ya yi masa yanke-yanke, yau hon ne zai ƙi, gobe abin share gilashi. Ku ɗaga kafet ku shinshina. Kai da ke Mabera ka fi ni sanin yadda ruwa ke kwanciya da damina, motar da ta taɓa nutsewa tana barin laka da tsatsa a ƙarƙashin kujeru.

Tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul a cikin inji, ba a yi masa gwaji, tambaya ake yi. Injin 406 da bel yake aiki, idan ya tsinke ana cikin tafiya fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su. Bel yana tsufa da shekaru ko da ba a tafiya. Idan babu wanda zai iya ce maka ga ranar da aka canja shi, ka ɗauka ba a canja ba, ka sa kuɗinsa da na famfon ruwa a lissafi, ya zama aikin farko kafin ka ɗauki yaro ko ɗaya.

A kai ta rami, bakanike ya shiga da tocila, kai ma ka shiga. Ku duba yoyon mai, bushin, shokzoba, da ƙafafun baya, ku duba ko an taɓa yin walda a casis. Fenti da lotsawar ƙofa ba sa hana mota tafiya, kada su ɗauke maka hankali, amma casis da aka miƙar bayan haɗari zai riƙa cinye taya ta gefe ɗaya har abada. Ka ɗauki ɗan mayen ƙarfe ka bi jikin motar da shi, inda ya ƙi kamawa an cika da fila. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2316, an yi ta ne a mako na 23 na 2016. Taya irin wannan ko zanenta yana nan, kwaltar Sakkwato da azahar za ta iya fasa ta.

Bakaniken kuma ya zama naka, ba wanda ya saba gyara wa Baffa ba, don ba zai tona aikin hannunsa ba. Ka nemi wanda 406 ce sana'arsa, ka tambayi direbobin tasha su nuna maka. Ka biya shi kuɗin ranarsa tun kafin ku tafi, ka ce masa ko an saya ko ba a saya ba wannan ne haƙƙinsa, kuma duk abin da ya gani kai zai faɗa wa a gefe, ba a gaban dattijo ba.

Takardu ma a duba su ko da na gida ne. Lambar casis mai haruffa da lambobi 17, ta Peugeot ƙirar Faransa tana farawa da VF3, ta zo daidai a jikin mota da takardar shaidar mallaka da lasin da takardar kwastam idan shigo da ita aka yi. Idan Baffa ma a hannun wani ya saya, a ga takardar wancan ciniki. Bayan saye a yi canjin suna a ofishin lasin, a sabunta inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ta motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Ragowar kuɗin da za ka biya a hankali kuwa a rubuta shi, da adadi da lokaci da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, babu dattijon da zai ji haushi don ka bi ta. Rai a hannun Allah yake, kuma magada ba su san abin da aka yi da baki ba.

Akwai wani abu a wasiƙarka da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. Kada ka miƙa miliyan 3 ɗin nan gaba ɗaya. Motar da ta haura shekara 20 ta kuma kwana shekara a ajiye za ta nemi batir, bel, mai, fulogi, wataƙila taya biyu ko huɗu, tun a watan farko. A ganina ka riƙe aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke hannunka don wannan. Idan cinikin ba zai bar maka komai ba, motar ta fi ƙarfinka a yanzu, ko da lafiyarta ƙalau.

Ga yadda zan yanke idan ni ne. Idan ruwan ta lagireto ko tiyo yake fita, babu kumfa, murfin mai tsaf, giya kuma ba ta sake bugawa ba a minti 40 na rana, ka saya, a rage kuɗin gyaran daga farashi. Idan ɗaya daga cikin manyan biyun ne, gaskit ko giya, sai bakanike ya faɗi kuɗin aikin, ka ga ko Baffa zai sauko daidai da shi. Idan duka biyun ne, ka haƙura. Kanti bai ƙare ba, 406 mai giyar hannu tana nan da yawa a garin nan.

Kada ka aiki matarka da wannan magana, kada ka sa ta tsakiya. Ka je da kanka bayan la'asar, ku gaisa sosai, sannan ka ce: “Baffa, na gode da wannan alheri. Ni ban san mota ba, kuma abin da ke hannuna ke nan. Ina neman izini in zo da wanda ya sani ranar Asabar da safe ya duba, don in san abin da zan tanada na gyara kada in ɗauka in kasa riƙe ta.” Babu ƙarya a ciki, babu zargi. In ta kama ka fasa, ka ce gyaran da take nema ya fi ƙarfin aljihunka, ka yi godiya, Juma'a mai zuwa ka je gaisuwa kamar yadda ka saba, har ka riƙe wa tsohuwa goro.

Idan kun duba, ka sake rubuto mini abu biyu: abin da kuka gani a bayan murfin baƙin mai, da inda allurar zafi ta tsaya lokacin da kuke cikin cunkoson kasuwa. Ka gaida maiɗakinka da yara.